Yaya ake lissafa kuɗin katafila a shirin cike ramin ma'adinai?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman injiniyoyi da masu ba da hayar manyan injina. Ina da ƙaramin lasisin haƙar farar ƙasa a yankin Alƙaleri, jihar Bauchi. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta mana shirin gyara muhalli da zuba kuɗi a asusun da aka ware domin hakan, wato dole in faɗi nawa cike ramin da baje ƙasa za su ci bayan an gama haƙa. Nan na cije.

Masu katafila da tifa kuɗin yini suke faɗa mini, ban da man dizal da hakkin direba. Ni kuma a mita kubik na auna tulin ƙasar da ke gefen ramin. To mita kubik nawa katafila irin D6 take turawa a awa ɗaya, idan tazarar ta kai mita 80? Kuma ƙasar da aka haƙo ai kumbura take yi, in an mayar an danne ta koma ta lotsa. Wane awo zan ɗauka, na tulin ko na ramin?

Ga kuɗin babbar motar da za ta ɗauko injin daga cikin garin Bauchi, zuwa da dawowa, wanda shi kaɗai ba wasa ba ne.

Abin da ya fi ɗaure mini kai dizal ne. Aikin sai nan da shekaru, farashin kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Kashi nawa cikin ɗari kuke ƙarawa saboda hauhawar farashi da ranakun damina da injin zai wuni a tsaye? Wanda ya taɓa haɗa irin wannan lissafi aka karɓa, don Allah ya nuna mini tsarin da ya bi.