Kansul sun yi shiru kan izinin gini, ya zan yi?

Salam 'yan uwa, dan Allah wanda ya san harkar gini a Ingila ya taimaka min. Na nemi izinin kansul (ƙaramar hukumar yankinmu) zan ɗora ɗaki a saman kicin ɗinmu na baya, na cike fom a Planning Portal (shafin intanet da ake neman izinin gini), na biya, na tura zanen akitek, kwana 21 ɗin da ake ba maƙwabta ma sun wuce ba wanda ya yi ƙorafi. Yau sati 11 shiru, alhali sati 8 ne ƙa'ida, imel uku ba amsa. Magini yana ta kira, yara uku a ɗaki ɗaya wallahi abin ya dame ni. In ɗaukaka ƙara ne ko in ƙara haƙuri? Tsorona kar ƙarar ta ƙara ja min lokaci.