Takardun girkina sun cika gwangwani, yaya zan yi da su?

Maman Ummi, Tudun Wadan Zariya

Assalamu alaikum. 'Yan uwa, shawara nake nema, ko da yake na san wata za ta ce wannan ma har abin tambaya ne.

Tun ina 'yammata nake yanko girke-girke daga jarida. Babanmu ba ya fashin sayenta, idan ya gama karantawa ni ke riga mai ƙosan layinmu zuwa da almakashi. Bayan aure ma ban daina ba. Akwai na Aminiya, akwai na Leadership Hausa, akwai na mujallun Turanci masu koyar da kek da mitfai, ga waɗanda na rubuta a gurguje ina kallon Akushi Da Rufi a Arewa24, wani a bayan takardar kuɗin wuta, wani a bayan katin biki, wani a bayan rasidin POS. Duka na danna su cikin gwangwanin biskit mai faɗin nan, yanzu murfin ma ba ya rufuwa sai an ɗaure shi da tsumma.

Damuwata, ba na samun abu a lokacin da nake nemansa. A azumin bana Abban Ummi ya ce alkubus yake marmari. Na san ina da wani mai kyau wanda ake haɗa alkama da fulawa, na zazzage gwangwanin kaf a kan tabarma, har aka kira la'asar ban gan shi ba, ƙarshe da kunu da ƙosai aka sha ruwa. A zazzagewar ne kuma na ga ɓarna. Tsofaffin sun yi ja sun bushe, kina taɓawa suna karyewa. Inda na liƙa salatif ya bar tabo, kyankyasai kuma sun cinye gefen na dubulan, daidai wurin awo.

Ga shi Ummi za ta tare bayan babbar sallah in sha Allah, ina so in haɗa mata nata. Yaya kuke ajiye naku? Littafi zan saya in liƙa, ko fayil, ko in haƙura in koma waya yadda kowa ya koma?

Mai Kayan Gara, Kano

Wa alaikumus salam. Maman Ummi, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Kafin ki kashe ko kwabo a kan fayil, ki zauna ki tsince. Ina da yaƙinin yawancin abin da ke gwangwanin nan ba ki taɓa ɗora masa tukunya ba. Ki ware wanda hannunki ya yi kuma ya yi kyau, shi za a yi wa hidima. Sauran su shiga ambulan guda, duk wanda ya shekara ba ki waiwaye shi ba ki mayar wa mai ƙosai haƙƙinta.

Ni sana'ata ke nan, kuma ban bi tsarin littattafan Turawa ba, wai miya daban, nama daban, kayan zaƙi daban. Ba ta nan tunanin girki ke zo mana ba. Cewa muke "azumi ya matso" ko "ga baƙi nan a hanya". Shi ya sa na raba nawa da lokacin buƙata. Azumi yana da gidansa, can kunun gyaɗa da na tsamiya da alkubus da funkaso suke. Sallah da biki su ne dubulan, alkaki, nakiya, cincin, dambun nama. Akwai na baƙon ba-zata wanda ba ya cin awa guda, akwai na mai jego da marar lafiya. Wanda ya shiga gida biyu, irin waina, ina ajiye shi wuri ɗaya in rubuta a ɗayan "duba azumi".

Amma abin da zai fi amfanar Ummi shi ne gyaran awo. Ki duba tsofaffin takardunki, za ki ga "attaruhu na naira ashirin", "nama na ɗari biyu". Yau wane mai kayan miya ne zai kalle ki da naira ashirin? Mudu ma na wannan kasuwa ba na waccan ba ne, gwangwanayen madara ba duka girmansu ɗaya ba, kofin da mujallun Turanci ke nufi kuwa wajen mililita 240 ne, ba kofin shayin gidanki ba. Ki zaɓi kofi ɗaya da cokali ɗaya a kicin ɗinki, duk girkin da kika yi ki auna da su ki rubuta a gefe. Sai ki saya wa amarya irinsu sak ki saka mata a kayan kicin.

Mai Fotokwafi, Samaru

Hajiya, ku yi haƙuri na tsoma baki a zancen mata, amma takarda aikina ce.

Jan da kuka ga takardun sun yi ba daga ajiya ba ne kaɗai. Takardar jarida ita ce mafi arha, ba a tace itacen da aka yi ta da shi sosai, akwai wani sinadari da ke saura a ciki wanda haske da zafi ke sa shi ya rine ta kuma ya busar da ita. Ko a akwati kuka kulle ta, sai dai ku jinkirta. Maganinta a yi fotokwafi a kan farar takarda A4 mai giram 80, a jera yanka biyu ko uku a shafi ɗaya. Ku tabbata da inji mai garin tawada aka yi. Na ruwan tawada, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya dame rubutun. Wanda ke bayan rasidin POS ku fara da shi, don zafi yana baƙanta takardar.

Salatif ku rabu da shi, gam ɗinsa ne ke ratsa takarda. Gam ɗin da ake damawa da fulawa ko sitaci kuwa gayyatar kyankyasai da gara ne. Fil da ƙarfen sitefula suna tsatsa da damina, su bar jan zobe a kan rubutu.

Ku sayi fayil mai ledoji a ciki, kowane shafi ya shiga ledarsa, manja ya fantsama ku goge da tsumma. Ku kauce wa leda mai kauri da santsi mai warin roba, a zafin bazara tawadar fotokwafi tana mannewa a jikinta, ku zaro takarda ku ga rubutun ya zauna a ledar. Laminatin yana da kyau ga kwafin da ake amfani da shi kullum, amma kada ku yi wa asalin da ke da rubutun hannun mahaifiya ko kaka, don da zafi ake yinsa kuma ba ya ciruwa. Sannan kada fayil ɗin ya kwana a kicin kusa da tururi, kuma a ɗaga shi daga ƙasa da jikin bango.

'Yar Jami'a

Anti, duk wannan wahalar fa waya ta ɗauke. Ki ɗauki hoton kowace takarda ki tura wa lambarki a WhatsApp, tun ƙarshen 2022 ake iya yin haka. Sirrin kawai ki rubuta sunan girkin a ƙasan hoton. Ranar da aka ce alkubus, ki buga "alkubus" a wurin bincike ya fito miki nan take. Ki kuma adana kwafi a asusunki na Google, suna ba da GB 15 kyauta, ko waya ta ɓata suna nan.

Maman Ummi, Tudun Wadan Zariya

'Yata, Allah ya yi miki albarka, hoton zan ɗauka don ajiya. Amma girki da waya ni bai karɓe ni ba. Hannu duk ƙullu, allo ya mutu, sai na wanke na goge na buɗe, kafin in gano layin da nake mai ya yi hayaƙi. Ga wuta da ba ta zama. Wayata ma tana cike da hotunan girki na zaurukan mata, a tsakanin hotunan anko da gaisuwar Juma'a, su ma wani gwangwanin ne.

Malam mai fotokwafi, na gode ƙwarai. Wanda suke ɗinkewa da zoben roba fa, irin na 'yan makaranta, bai fi fayil kyau ba ga na amarya?

Hajiya Babba, Katsina

Maman Ummi, ki yi fayil ɗinki yadda suka ce, amma na yarinya ki rubuta da hannunki. Jarida ba komai take faɗi ba. Za ta ce a bar ƙullun waina ya tashi, ba za ta ce da hunturu sai an kai shi rana ko kusa da murhu ba, da bazara kuwa idan kika yi sake ya yi tsami. Ba za ta ce a jiƙa kanwa a tsiyaye ruwan da ya taso sama a bar tsakuwar ba, ko yadda ake gane sukarin alkaki ya yi danƙo tsakanin yatsu biyu. Waɗannan ke kika sani, su za ta kira ki a waya tana tambaya. Ki sami littafi mai bangon kwali, girki ɗaya a shafin dama, ki bar mata na hagu fari ta rubuta nata gyaran, don dangin miji suna da nasu bakin gishiri da yaji. Kada ki cika mata da yawa. Abin da ake ci a gidanku ya isa.

Idan kafur za ki saka saboda kyankyasai, ban da inda abinci yake, kuma a nisanta shi da yara, suna ɗauka alawa ce.

Mai Fotokwafi, Samaru

Hajiya, mai zoben roba ya fi kyan gani, amma da an ɗinke ba kwa iya ƙara shafi sai an kwance, kuma haƙoran robar suna karyewa idan ta sha zafi. Ga naku da kullum ake ƙari, fayil mai zoben ƙarfe da ke buɗewa ya fi, ku sayi ledojin daban a shagon kayan rubutu. Idan za ku kai fotokwafi, ku jera su tun daga gida yadda kuke so su fito, waɗanda suka yi ja sosai kuma ku ce a rage duhun injin, in ba haka ba shafin zai fito baƙi ƙirin.