Shin rashin jure alkama yana taɓa hantar mai juna biyu?

Ungozoma_Talatu:
Assalamu alaikum. Likitocin zauren nan, ku taimaka. Mace ce cikinta wata bakwai, duk ta ci burodi ko taliya sai kumburin ciki da zawo, ga ƙarancin jini da ya ƙi jin ƙwayar ayon. Awo ya nuna ALT ɗinta, wato sinadarin hanta da ake aunawa a jini, ya ɗan hau. Alkamar ce ta taɓa hantar? A hana ta ci kawai?

LikitanHanji:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada a hana ta tukuna. Gwajin jinin tTG-IgA, na gano siliyak, cutar hanji da cin alkama ke tayarwa, sai ana cin alkama yake kamawa. In ta daina makonni kafin a ɗebi jinin, sakamako na iya fitowa lafiya ƙalau alhali cutar na nan. A haɗa da awon jimillar IgA, wani sinadarin garkuwar jiki, don mai ƙarancinsa gwajin kan yi masa ƙarya.

Alaƙar kuwa akwai ta, amma ga siliyak. Garkuwar jiki ce ke farmakar bangon ƙaramin hanji duk lokacin da gulutin, wato furotin ɗin da ke cikin alkama ko sha'ir, ya shiga, hanjin ya kasa tsotsar ayon, folik asid da kalsiyam. Hantar wasu masu siliyak kan nuna hawan ALT da ɗan'uwansa AST, yawanci bai kai ninki biyar na ƙa'ida ba, kuma yakan sauka cikin wata 6 zuwa 12 bayan an bar gulutin. Wanda alkama ke dama wa ciki kawai, gwajinsa kuma babu siliyak, ba a tabbatar cewa hakan na lahanta hantarsa ba. Saka kyamara a ɗauko tsokar hanji galibi akan jira sai ta haihu.

Dakta_Mata:
Abin da ya fi damuna shi ne a ɗora wa alkama laifi a bar abin da ke kisa. A wata bakwai, ki fara tambayarta: tafin hannu da na ƙafa suna ƙaiƙayi da dare, har barci ya gagara, ba tare da ƙuraje ba? Za ki ga sawun farce a ƙwauri da damtse. Wannan alamar taruwar ruwan madaciya ne a jini saboda ciki. A auna asid ɗin madaciyar. Daga maikromol 19 a kowace lita an shiga matsalar. In ya kai 100 haɗarin mutuwar jariri a ciki ya ƙaru sosai, akan sa ta haihu a sati 35 zuwa 36 na cikin. Barin alkama ba ya maganin wannan.

Sannan a gwada hawan jini da furotin a fitsari, a duba ƙwayoyin daskarar da jini, saboda jijjiga da HELLP, wata muguwar matsalar masu ciki da ke taɓa hanta da jini. A yi gwajin ciwon hanta nau'in B da C. In idonta ya yi ɗorawa, a tuna da nau'in E na gurɓataccen ruwa, wanda ya ɓarke a Diffa ta Nijar a 2017 ya fi kashe masu ciki. A tambayi jiƙo da tsimin da take sha. Hawan ALP kuwa, wani sinadarin da ke cikin awon hanta, kada ya ruɗe ki, mabiyiya ma na fitar da shi.

MaiIliminAbinci:
In gwaji ya tabbatar, bari ne na har abada, ba ragewa ba. Burodi, gurasa, taliya, alkaki, funkaso, fanke, cincin da semo duk sun fita. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, wake, doya da rogo babu komai.

Inda ake faɗawa shi ne injin niƙa: a niƙa alkama, a zuba geronta a baya ba a wanke ba. Sai ɗanwake da wainar da ake ɓarbaɗa wa fulawa, da man da aka soya fanke aka sake soya ƙosai. Rariya da muciyarta su zama daban. Likitanta ya duba ko za ta koma folik asid 5mg, a kuma sake awon hanta aƙalla sati 4 bayan haihuwa. In bai sauka ba, a tura ta asibitin ƙwararru.