An kawo bas, amma isa tasha ya zama aiki: ta ina za a fara gyara?

Maryam S.:
Assalamu alaikum. Idan aka buɗe layin bas ko jirgin ƙasa, sai fasinja suka yi ƙaranci saboda wahalar isa tasha a ƙafa ko a keke, me ya kamata a fara gyarawa in kuɗin ba su da yawa?

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam, Hajiya. A fara da awo. Yawanci mutum kan yarda ya taka mita 400 zuwa tashar bas, tafiyar minti 5 ke nan, ko mita 800 zuwa ta jirgi. Amma kada a zana da'ira a taswira a ce an gama, a bi hanyar da ƙafa ke bi. Katanga ɗaya ko magudanar ruwa marar gada kan mai da mita 300 ta koma kilomita guda. Fasa 'yar hanya a irin wannan wuri ya fi komai arha.

Sai tsallaka titi, wanda ni a wurina shi ne kan gaba, domin duk fasinja sai ya tsallaka, in ba da tafiya ba to da dawowa. A sa mashigin a bayan inda bas ke tsayawa. In yana gaba, bas ɗin zai kare mai tsallakawa, direban da ke wucewa ba zai gan shi ba. Titi mai faɗi a yi masa tsibiri a tsakiya, faɗin mita 2, don mai tura keke ya tsaya ba taya a waje. In da danja, a lissafa lokacin tsallakawa a kan tafiyar mita 1 a daƙiƙa saboda tsofaffi. Gadar sama kuwa ga tsada ga matakala, mutane su bar ta su bi ƙasa.

Malama Zulai:
Injiniya ya faɗi gaskiya. Ƙari a kan hanyar ƙafa: a bar mita 1.8 fili, ba turken lantarki ba allon talla. Gangaren bakin titi kada ya wuce 1 cikin 12 (wato hawan santimita 1 a duk tsawon santimita 12), in ya fi haka mai keken guragu ba zai hau shi kaɗai ba. A ɗan karkata daɓen, kashi 2 cikin 100, ruwa ya gangare. Fitila kuma ta haska hanyar duka, ba rumfar tasha kaɗai ba, don mata da yawa ba sa bin lungu mai duhu.

Sani Mai Keke:
Kada a raina keke. A minti 10 mai ƙafa zai ci mita 800, mai keke kilomita 2.5, wato yankin da tasha ke ɗiba ya ninka wajen sau 10. Abin da ke hana mutane shi ne tsoron sata. A kafa ƙarfen ɗaure keke mai lanƙwasa kamar harafin U a kife, tsayin santimita 75, tazarar mita 1 tsakani, a binne ƙafafunsa cikin kankare. Shi ake ɗaure jikin keke da taya tare. Irin wanda ke riƙe tayar gaba kaɗai yana lanƙwasa wili, ɓarawo kuma ya kwance tayar ya tafi da sauran. A sa shi dab da ƙofa inda ido ke kai, da rufi. Gurbin mota ɗaya na ɗaukar keke kusan 10. A tashar Utrecht ta ƙasar Holan akwai gurbin keke 12,500.

Injiniya Bala:
Haka ne, Malam Sani. Layin keken kuma a zagaya da shi ta bayan rumfar tasha, kada bas ya riƙa yanke shi duk tsayawa.