Neman Kalmar Hausa: Me Za Mu Kira “Sag” a Keken Hawan Dutse?

’Yan’uwa masu sha’awar keke, akwai kalma guda da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya duk lokacin da na zauna yi wa wani bayanin saitin keken hawan dutse, wato “sag”. Shok dai mun karɓe shi daga bakin makanikai, sifirin ma ya zama ɗan gida, amma wannan kalma ba ta da suna a wurinmu, alhali ita ce abin da ake fara saitawa kafin a taɓa komai.

Ga abin da take nufi. Idan mahayi ya hau keke da duk kayan da zai yi tafiya da su, ya zauna bai motsa ba, nauyinsa kaɗai zai sa shok ya ɗan shige ciki. Akwai ƙaramin zoben roba a jikin sandar shok, wanda ake turawa har gindi, a hau a hankali, a sauka a hankali, sannan a auna nisan da zoben ya matsa. A shok ɗin baya akan nemi kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na tsawon tafiyar sandar, a na gaba kuwa kashi 15 zuwa 20. Ke nan idan sandar baya tana tafiyar milimita 50, kashi 30 ya kama milimita 15. In ya zarce haka a ƙara wa shok ɗin iska, in bai kai ba a rage. Amfaninsa shi ne taya ta sami sararin miƙewa ta bi rami, kada ta rabu da ƙasa.

Kalmomi uku na auna. “Nutsewa” ba ta yi mini ba, domin abin da ya nutse ya tafi ƙasa gaba ɗaya, nan kuwa kashi kaɗan ake so. “Zama” tana da hujja, tunda direbobi kan ce mota ta zauna idan an yi mata lodi, sai dai a keke za ta rikice da zaman mahayi a kan sirdi. Saura “lotsawa”, kuma ita zuciyata ta kwanta da ita.

Na kai wa wani dattijo mai gyaran babur maganar, kuma ba haka kawai na zaɓe shi ba: Paul Turner, wanda ya fito da shok ɗin gaban keke na kamfanin RockShox a Amurka a 1989, makanikin baburan tsere ne tun asali, don haka ilimin daga babur ya gangaro. Dattijon ya ce, “Yaro, abin da ya lotsa ai ya lalace, kamar ƙofar mota da aka buga.” Na ce, “Gaskiya ne Baba, amma sabuwar katifa ma tana lotsawa idan an kwanta, ta taso idan an tashi.” Gyaransa ya sa na ƙara kalma guda, ya zama “lotsawar nauyi”, domin a gane nauyin mahayi ne ya jawo ta, kuma da gangan aka auna ta.

Abin da ya sa na damu da sunan shi ne lotsawar nan tana taɓa sarrafa kan keke kai tsaye. Wuyan keke, inda ƙarafan da ke riƙe da tayar gaba suke juyawa, yana da kusurwa: kekunan shekarun 1990 sukan kai digiri 71, na gangaren dutse a yau kuwa wajen 63 ko 64. Idan baya ya lotsa fiye da kima, wuya ya kishingiɗa, tayar gaba ta yi ta yawo a hawa. Idan gaba ne ya lotsa, wuya ya miƙe, kan keke ya yi rawa a gangare, abin da ke kayar da mutum. Bambancin milimita 20 a gaba yakan sauya kusurwar da kusan digiri 1. A nan “kishingiɗa” da “miƙewa” sun wadatar, ba sai mun ari komai ba.

Saurin dawowar shok bayan ya matsu kuwa, “tasowa” nake kiransa. Makanikan Maraɗi da Damagaram, ku da kalmomin aikinku suka biyo ta Faransanci, idan kuna da sunan da kuke kiran wannan lotsawa a gareji, ku kawo shi mu gwada shi da “lotsawar nauyi”.