Muhawara: Shin littattafan da yaro ke kiwon dainoso a gida suna rikita tunanin yara?

Malamin Kimiyya: Assalamu alaikum, iyaye da malamai. Akwai wasu littattafan yara masu hotuna da suka fara yawa a shaguna da makarantun kuɗi, inda ake nuna yaro ya tsinci ƙaton ƙwai, dainoso, wato wata ƙatuwar dabba mai kama da ƙadangare ta zamanin da can, ya ƙyanƙyashe daga ciki, sai ya riƙa kiwonsa a tsakar gida, yana ɗaura masa igiya a wuya, har yana rakiyarsa makaranta. Ra'ayina shi ne bai dace a bai wa yaran firamare irinsu ba, domin suna dasa musu kuskuren da ke da wuyar cirewa. Binciken masana ya nuna cewa waɗannan dabbobi sun ƙare kimanin shekaru miliyan 66 da suka wuce, bayan wani ƙaton dutse daga sararin samaniya ya faɗo a yankin Yukatan na ƙasar Meziko, alhali tsofaffin ƙasusuwan mutum irinmu da aka tono a Jebel Irhoud ta Maroko shekarunsu kimanin 300,000 ne. Amma har a ƙaramar sakandare ina haɗuwa da ɗaliban da suka haƙiƙance cewa mutanen da sun zauna tare da dainoso.

Maman Hafsat: Wa'alaikumus salam, Malam. Da girmamawa, ban yarda ba. Mu nan da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi aka raine mu, mun ji Gizo ya je fadar sarki ya yi wayo ya auri 'yarsa, kuma babu wanda ya girma a cikinmu yana zaton gizo-gizo na magana. Ɗana ƙarami ba ya son karatu ko kaɗan, sai da ya samu irin wannan littafin, yanzu shi da kansa yake ɗauko shi bayan Magariba ya ce in saurare shi. Ba zan ƙwace abin da ya jawo shi ga karatu ba.

Malamin Kimiyya: Allah ya raya shi, Maman Hafsat. Sai dai tatsuniya tana bayyana kanta tun daga farko. Da an ce "ga ta nan, ga ta nanku" yaro ya san inda aka dosa, a ƙarshe kuma mai bayarwa yakan rufe da "ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya". Bayan haka, yaro yana ganin gizo-gizo kullum a kusurwar ɗaki, don haka idonsa na gyara masa abin da kunnensa ya ji. Dainoso kuwa bai taɓa ganinsa ba, ba zai kuma gan shi ba, hoton littafin ne kaɗai hujjarsa, ga shi daga hannun malami ya karɓe shi.

Baban Sadiƙu, daga Maraɗi: Ni abin da ke ci mini rai daban ne. Yaranmu sun ɗauka dainoso abin Turawa ne, saboda kowane littafi yana nuna shi a gida mai bene da lambu, alhali ƙasarmu Nijar tana cikin wuraren da aka fi tono ƙasusuwansa a Afirka. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere, aka samo Ouranosaurus, wanda Bafaranshe Philippe Taquet ya bayyana a 1976. A 1999 ayarin Ba'amurke Paul Sereno ya raɗa wa wani suna Nigersaurus, dabba mai faffaɗan baki da haƙora fiye da 500, wadda take kiwo kanta a sunkuye kusa da ƙasa. A shekarar kuma suka bayyana Jobaria da aka tono a yankin Ingal na jihar Agadas, tsawonsa ya kai kimanin mita 18. Na kai yarana gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, kuma da ƙaramar ta tsaya gindin ƙasusuwan ta ɗaga kai, ita da bakinta ta ce wannan ba zai shiga zaurenmu ba. 'Yan uwanmu na Sakkwato ma suna da Goronyosaurus, mai sunan Goronyo, ko da yake shi halittar ruwa ne, ba dainoso ba.

Hajiya, tsohuwar shugabar makaranta: 'Ya'yana, na koyar shekaru masu yawa, kuma na lura cewa littafi bai cika ɓatar da yaro ba sai an bar shi da shi shi kaɗai. Maganar 'yar Baban Sadiƙu ita ce darasin. Idan an gama karanta labarin, a tambayi yara: dabba mai tsawon mita 18, ina za a ɗaure ta, dami nawa na harawa za ta ci a yini, wa zai share turkenta? A fita da su fili a auna tsawon da igiya su gani. Sannan a gaya musu cewa masana sun ce tsuntsaye daga zuriyar dainoso suka fito, wato kazar da ke tsakar gidansu tana da dangantaka da shi.

Maman Hafsat: Wannan na karɓa, Hajiya, zan gwada awon igiyar da shi ranar Asabar.

Malamin Kimiyya: Allah ya ƙara girma, Hajiya. A gida, inda uwa take zaune kusa da yaro, na janye ƙorafina. Amma a aji mai cunkoso, inda malami ɗaya ba ya samun sukunin bin kowane yaro da tambaya, har yanzu ina kan bakana: kada a saka littafin a ɗakin karatu sai an manna masa takarda a shafin ƙarshe, da Hausa, mai bayyana cewa labarin ƙirƙira ne, kuma mutum bai riski zamanin waɗannan dabbobi ba. Baban Sadiƙu, idan kana da hotunan da ka ɗauka a Yamai, ka taimaka ka turo mini in haɗa da takardar.