Yaron da ya kashe mutum a kan waya: hukuncin manya ko gidan tarbiyya?

Mai Shagon Waya: Salamu alaikum jama'a. Maganar da na faɗa a majalisa ita zan maimaita a nan, tunda wasu sun ce na tsananta. Duk yaron da ya ɗauki wuƙa ko gariyo ya tare bawan Allah a kan waya har ya kashe shi, a yanke masa hukuncin manya. Kada a tambaye mu shekarunsa. Tun 2023 majalisar tsaron jihar Kano ta ce ƙwacen waya fashi da makami ne, to a bi da su yadda ake bi da 'yan fashi. Wanda ya san inda ake soka wuƙa mutum ya mutu ya wuce a kira shi yaro.

Maman Marayu: Wallahi ina bayanka. Ni aka kawo wa gawar ɗan ƙanwata bayan magariba, ya fito daga islamiyya aka tare shi. Waɗanda aka kama ko gemu ba su fara ba. Har yau uwarsa ba ta iya bin layin. In an ce musu yara, shi wanda suka kashe ba ɗan wani ba ne?

Barista: Allah ya jiƙansa, Hajiya, ya ba ku haƙuri. Ba wanda ke cewa a sallame su. Amma ku bari in faɗi abin da doka ta ce, don mutane da yawa sun ɗauka da zarar an ce ƙaramin yaro shi ke nan an wanke shi. A kundin dokokin hukunta laifuka na Penal Code da ake aiki da shi a Arewa, wanda bai kai shekara 7 ba ne kaɗai ba a ɗora wa laifi sam. Daga 7 zuwa 12 alƙali yana duba ko hankalinsa ya kai ya gane abin da ya aikata. Daga nan kuwa ana tuhumarsa, ana kuma hukunta shi. Abin da aka hana shi ne hukuncin kisa: dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce wanda bai cika 18 ba lokacin da ya yi laifin ba a yanke masa hukuncin kisa, sai ɗaurin rai da rai ko wani wa'adin da kotu ta ga ya dace. Ɗaurin rai da rai fa ba sassauci ba ne.

Mai Shagon Waya: Barista, wannan 18 ɗin daga ina aka samo ta? Turawa suka kawo mana. Allah gafarta Malam, kana nan, me addini ya ce?

Malamin Zaure: Ina nan, Alhaji, amma amsar ba za ta yi maka daɗi duka ba, ba kuma za ta yi wa Barista daɗi duka ba. Hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mai taɓin hankali har ya warke. Don haka yaron da bai balaga ba ba a yi masa ƙisasi, ba a tsayar masa da haddi. Gangancinsa hukuncin kuskure yake ɗauka, diyya ta hau kan danginsa, shi kuma a ladabtar da shi. Sai dai ma'aunin shi ne balaga, ba takardar haihuwa ba. Ɗan shekara 15 da alamomin balaga suka bayyana gare shi baligi ne, jinin da ya zubar yana wuyansa. Ita kuma 18 ɗin da ka ce ta Turawa ce, malamanmu na Malikiyya ita suka ɗauka a matsayin iyaka idan alamomin ba su bayyana ba. Ka ga ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Mai Shagon Waya: To ai mafi yawan 'yan daban nan sun balaga. Malam ya ba ni gaskiya.

Malamin Zaure: Rabinta na ba ka. Kai cewa ka yi kada a tambayi shekaru, ni kuwa na ce tambayar wajibi ce. Kuma ƙisasi sai da tabbatacciyar hujja a gaban alƙali, ba a bakin titi ba. Masu taruwa su yi wa wanda aka kama dukan mutuwa su ma jini suke ɗauka.

Barista: Ga inda gizo ke saƙa, Malam. Yaran da ake kawowa kotu da yawansu ba su da takardar haihuwa. Mai gabatar da ƙara ya rubuta 19, uwa ta rantse 14 ne, alƙali ya dubi tsayi da faɗin kafaɗa. Ku tuna yarinyar nan ta Katsina da aka yanke wa hukuncin kisa a 2012 kan mutuwar mijinta, abin da ya faru tana 'yar shekara 13. Sai da kotun ECOWAS ta ce a 2014 an tauye mata haƙƙi. Da an zartar fa? Wa zai dawo da ita?

Tsohon Gandiroba: Ku yi mini afuwa in sa baki, don ni na kwana da su. Kuna ta jayayya a kan tsawon ɗauri, ba wanda ya tambayi inda za a ajiye yaron. Gidajen gyaran halin matasa na tarayya, waɗanda ake kira Bostal, sanannun su uku ne a ƙasa mai mutane sama da miliyan 200: Kaduna, Ilori da Abekuta. Jihohi suna da gidajen kangararru, kamar na Goron Dutse a Kano, amma nawa za su ɗauka? Dokar hukumar gyaran hali ta 2019 ta hana a haɗa ƙananan yara da manya a kurkuku. A aikace kuwa, idona ya ga yaron da aka shigo da shi kan faɗan unguwa, yana kuka yana kiran babarsa, aka zuba shi ɗaki ɗaya da gaggan 'yan fashi yana jiran shari'a. Kafin a kira shari'arsa ya san mai sayar da bindiga, ya san yadda ake fasa shago. Ya fita, bai daɗe ba aka dawo mana da shi da babban laifi. Alhaji, hukuncin manyan da kake nema tuni ana yi musu shi ta bayan gida, kuma shi ke dawo muku da su unguwa sun fi da muni.

Maman Marayu: Baba, na ji, kuma na tausaya. Amma kullum zancen gyaran wanda ya yi kisa ake yi. Ba wanda ya taɓa zuwa ya tambayi ƙanwata ko ta ci abinci. Diyyar da Malam ya ambata, wa ya taɓa ganin an biya?

Ɗalibar Lauya: Mama, wannan tambayar taki ta fi komai nauyi a wurina. Ita kuwa rigimar yadda za a hukunta yaron da ya yi kisa, ko a Ingila ba su gama da ita ba. A 1993 yara biyu 'yan shekara 10 suka kashe yaro ɗan shekara 2 kusa da Libaful, aka tsare su har 2001. Ɗaya bai sake komawa kurkuku ba, ɗayan ya koma har sau biyu. Laifi ɗaya, shekaru ɗaya, ƙarshe daban. Shi ya sa nake ganin a bar wa alƙali damar duba kowane yaro shi kaɗai, a kuma riƙa sake duba halinsa kafin a sake shi.

Mai Shagon Waya: Alƙali ya duba, ban ƙi ba. Amma wanda ya sayar masa da ƙwaya, da wanda ke karɓar wayar sata ya goge ta ya sayar, da ɗan siyasar da ke ba shi kuɗi ranar gangami sannan ya zo belinsa, su ba yara ba ne. Ni a sana'ata na san ba a ƙwatar waya sai da mai saye.

Barista: A kan waɗannan ba mu da saɓani, doka ta tanadi hukuncin mai karɓar kayan sata. Amma ka janye maganar kada a tambayi shekaru?

Mai Shagon Waya: Ga wanda bai balaga ba na bi Malam. Ga ɗan shekara 16 ko 17 da ya kashe rai da gangan, ina nan a kan bakata.

Maman Marayu: Barista, shari'ar ɗan ƙanwata ɗagewa kawai ake yi. Ka faɗa mini ƙofar da za mu ƙwanƙwasa a saurare mu, ita nake jira.